Hukuncin fita shan iska da iyali a Bur Sudan alhali ana yaƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni Bahaushe ne ɗan Wad Madani, mun gudo Bur Sudan da iyalina tun da dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan suka shiga garinmu a Disamban 2023, yanzu ina ɗan aiki a tashar jiragen ruwa. Ran Juma'a nake hutu, in la'asar tayi sanyi sai in kwashi yara mu je bakin teku mu sha jabana, wato kofi irin na Sudan, mu ci soyayyen kifi. To wani abokina yace wannan rashin imani ne, ana kashe mutane a Darfur ni ina yawon shaƙatawa. Wallahi maganar ta tsaya min a rai, shin ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kawo muku ƙarshen wannan fitina da ta taso tun 15 ga Afrilun 2023, ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ɗan uwa, fitarka halal ce, baka da zunubi. Asalin irin waɗannan abubuwa halacci ne sai dalili ya zo ya hana, kuma babu aya ko hadisin da yace in ana yaƙi a ƙasa wanda ya tsira ya kulle kansa a ɗaki. Abokin naka kishi ne ya sa shi magana, ina kyautata masa zato, amma jefa wa musulmi kalmar rashin imani ba ƙaramin abu bane, ya janye ta.

Ka duba Hanzala da ya zo yana cewa ya zama munafiki don in ya bar majalisin Annabi (SAW) ya koma gida sai ya shagala da mata da yara, Annabi bai ce eh ka yi laifi ba, cewa yayi ya Hanzala, lokaci da lokaci, kuma yana cikin Sahihu Muslim. Mutanen Madina ɗin nan fa ba a zaman lafiya suke ba, daga Badar sai Uhudu sai Handaƙ, amma a cikin shekarun nan ake aure ana walima, har Annabi yayi tseren gudu da Nana A'isha a hanyar tafiya. Salmanu ma da ya gaya wa Abud Darda'i cewa ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka ma haka, Annabi gaskata shi yayi.

Ni yaran nan ma nake ji. Yaron da aka fito da shi cikin ƙarar bindiga, in ƙofa ta bugu sai ya zabura ya ƙanƙame uwarsa, in ka kai shi ya ga ruwa ya jefa tsakuwa yayi dariya ai magani ka ba shi, da niyya mai kyau lada ma zaka samu.

Nasan za a kawo Sayyidina Umar a shekarar yunwa ta Ramada, 18 bayan hijira, da ya hana kansa man shanu sai mutane sun samu. Gaskiya ne, amma shi shugaba ne da amanar al'umma a wuyansa, kuma kansa ya ɗora wa. Wanda zai iya koyi da shi madalla, sai dai ba a mayar da shi wajibi a kan ɗan gudun hijira mai aikin lebura ba.

Inda nake so ka tsaya shine Handaƙ, shekara ta 5. Ana haƙa rami ga yunwa har da ɗaura dutse a ciki, Jabir ya yanka ƴar akuya matarsa ta niƙa sa'i ɗaya na sha'ir, ya raɗa wa Annabi ya zo da mutum kaɗan. Annabi bai ce masa yanzu ba lokacin cin nama bane, sai ya kira mutanen ramin gaba ɗaya aka ci. To kai ma haka, garin da kake akwai waɗanda makarantu suka zama musu ɗakin kwana, in zaka fita ka haɗa da yaro ɗaya ko biyu daga cikinsu, ko ka ware kuɗin kifi guda ka tura wa wani. Muminai jiki ɗaya ne, wannan damuwar da kake ji alama ce zuciyarka na raye, kar ka bari ta tsaya a damuwa kawai.

Abu biyu zan hana ka. Kar ka ɗauki hoton faranti ka sa a WhatsApp ko Facebook, dangin da ke kwana da yunwa suna gani, cutarwa ce ko baka nufa ba. Sannan Bur Sudan ɗin ma jirage marasa matuƙi sun kai mata hari a watan Mayun 2025, har da ma'ajiyar mai da filin jirgi, don haka duk ranar da hukuma tayi gargaɗi ko aka sa dokar hana fita ka zauna gida da yaranka, Allah yace kada ku jefa kanku ga halaka, Baƙara aya ta 195. In magariba ta riske ku a bakin tekun ku yi sallarku a can kafin ku kama hanya.

Wallahu a'alam.