Filin Tambaya da Amsa: Wayar Malam a Gaban Allo

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata daga malaman makaranta suka fito, kaɗan kuma daga iyaye, kuma duk sun taru a kan yadda za a yi amfani da waya da kwamfuta da intanet wajen koyarwa. Mun zaɓi huɗu, mun ɗan taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati, kuma ajina yana da ɗalibai tamanin da huɗu. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, ba mu da majigi, wutar lantarki kuma sai ta ga dama take zuwa. Duk lokacin da aka kira mu bita, sai a ce mana mu rungumi fasahar zamani, alhali abin da na mallaka waya ce guda ɗaya, wadda daga albashina nake saya mata data. Shin akwai abin da zan iya yi da ita, ko kuwa in haƙura har ranar da aka kawo mana kayan aiki? Daga wani malami a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka jira, domin ko kayan sun iso, ba su za su koyar da yaran ba. Na taɓa ziyartar wata makaranta da aka yi wa ɗakin kwamfuta, na tarar da kwamfutoci a jere an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu kauri har ana iya rubutu da yatsa a kanta, makullin kuma yana aljihun shugaban makaranta saboda tsoron kada wani abu ya lalace a ce shi ya jawo. Wannan matsala ba a nan kaɗai take ba. A ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka, gwamnati ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga wani ƙarin ƙwazo a lissafi ko harshe ba, kuma rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha da ilimi ya sake kawo wannan misali don ya nuna cewa na'urar da ba a saka ta cikin tsarin darasi ba, kaya ce kawai.

Saboda haka ka fara da tambayar kanka: wane darasi ne kowace shekara yake gagarar ɗalibaina, duk yadda na zana shi a allo? A ce yadda lantarki ke zagayawa daga batir zuwa ƙwan fitila ne. Jami'ar Colorado da ke Amurka tana da wani shiri mai suna PhET, wanda masanin kimiyya Carl Wieman ya kafa a 2002, shekara guda bayan ya sami kyautar Nobel. A cikinsa akwai gwaje-gwajen kimiyya da lissafi da ake yi a fuskar waya, kyauta ne a shafinsu, kuma ana iya sauke gwaji sau ɗaya a riƙa buɗe shi ba tare da data ba. A gwajin lantarkin, da yatsa za ka jawo batir da wayar wuta da ƙwan fitila ka haɗa su, ƙwan ya kama, ka kuma ga yadda lantarkin ke tafiya a cikin wayar wutar.

Inda aikin malami yake shi ne abin da zai faru kafin a nuna wayar. Ka zana batir ɗaya da ƙwai ɗaya a allo, sannan ka tambayi ajin: idan na ƙara ƙwai na biyu a jere a kan layi guda, hasken zai ƙaru, zai ragu, ko zai tsaya yadda yake? Kowa ya rubuta amsarsa da dalilinsa a littafinsa. Bayan haka ka riƙa kiran su goma-goma zuwa teburinka suna gani da idonsu, sauran kuma suna ci gaba da zane da muhawara a kujerunsu. Yaron da ya rantse cewa hasken zai ƙaru, sannan ya ga ƙwayayen biyu sun dusashe a gabansa, ba zai manta da wannan darasi ba, domin gani ya kori ji. Idan kuwa ka kunna musu bidiyo kawai ba tare da tambaya ba, kallo za su yi kamar yadda suke kallon fim, su tashi babu abin da ya zauna. In da hali, washegari ka zo da batir da ƙwan tocila da guntun wayar wuta daga kasuwa, su maimaita gwajin da hannunsu.

Game da data, ka nemi abubuwan da aka yi domin wuraren da sabis ba shi da ƙarfi. Manhajar Kiwix tana ba ka damar ajiye Wikipedia a waya, har da ta Hausa, ka karanta ba tare da intanet ba. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da Microsoft, kuma akwai darussa da Hausa a cikinsa. Ba dole ne kowane malami ya ƙona datarsa a kan abu guda ba: mutum ɗaya ya sauke bidiyo ko littafi, sauran su karɓa ta Xender a ofishin malamai.

Abu na ƙarshe, wanda a ganina ya fi komai amfani ga mai aji irin naka, shi ne sanin wanda ya gane da wanda bai gane ba tun kafin a tashi. Manhajar Plickers tana yin wannan da wayar malami kaɗai: kowane ɗalibi yana riƙe da katin takarda mai zane, ya juya shi ta gefen A, B, C ko D, kai kuma ka ratsa ajin da kyamarar wayarka, nan take ta nuna maka amsar kowa. Katunanta 63 ne, don haka sai ka haɗa wasu su zama biyu-biyu, kuma tana bukatar ɗan data. Ranar da babu data ko caji ya ƙare, takardu huɗu masu haruffa a hannun kowane yaro za su yi maka kusan wannan aikin, sai dai da ido za ka ƙirga.

Tambaya: Ina shugabantar wata makaranta mai zaman kanta. Mun buɗe wa kowane aji zaure a WhatsApp don tura aikin gida, amma yanzu zaurukan sun cika da gaisuwar Juma'a da tallan atamfa, wasu iyaye kuma suna ƙorafin cewa 'ya'yansu suna rasa maki saboda ba su ga saƙo ba. Shin mu koma Google Classroom? Daga wata malama a Kano.

Amsa: Hajiya, Google Classroom, wanda aka fitar a 2014, ya fi tsari, domin yana ware kowane aiki da ranar miƙa shi da makinsa, amma yana bukatar kowane ɗalibi ya kasance da adireshin imel da waya ko kwamfutar da zai riƙa shiga a kai a kai. Idan iyayen da ake da su yanzu suna kasa ganin saƙon WhatsApp, sauya manhaja ba zai gyara komai ba, sai ma ya ƙara yawan waɗanda aka bari a baya. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana hannun maigida, shi kuma ba ya dawowa daga kasuwa sai bayan isha'i.

Gyaran zauren ba shi da wuya. A saita shi ta yadda masu kula da shi kaɗai za su iya tura saƙo, a tsayar da lokaci guda na turawa, misali bayan la'asar, kuma a haɗa kowane rubutu da gajeren saƙon murya da Hausa saboda iyayen da ba su yi boko ba. Sai dai ƙa'idar da nake so ki riƙe da ƙarfi ita ce, duk aikin da za a ba wa maki, sai an rubuta shi a allo yara sun kwafa kafin a tashi, saƙon waya ya zama tunatarwa kawai. Yaron da ya rasa maki domin mahaifinsa ba shi da data, an hukunta shi a kan laifin da ba nasa ba.

Akwai batun da ba ki tambaya ba, amma ya kamata a faɗe shi. Kada a riƙa sanya sakamakon jarrabawar yara ko hotunansu a zauren da kowa ke gani, domin ban da kunyar da ake jawo wa yaron da ya zo na ƙarshe, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta bukaci izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan ƙananan yara. Haka kuma a rubuta a dokar makaranta cewa babu malamin da zai riƙa tura wa ɗalibi ko ɗaliba saƙo a keɓe. Duk magana ta bi ta zaure ko ta wayar iyaye.

Tambaya: Ɗana zai rubuta JAMB a shekara mai zuwa. Yana da ƙoƙari a karatu, amma bai taɓa zama a gaban kwamfuta ba, makarantarsu kuma ba ta da ita. Me zan yi? Daga wani uba a Haɗejiya.

Amsa: Alhaji, ka yi daidai da ka fara tunani tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, inda yanzu ake amsa tambayoyi 180 cikin sa'o'i biyu, sittin na Turanci, arba'in-arba'in na sauran darussa uku. Abin da ake bukata a wajen yaron kaɗan ne: ya danna A, B, C ko D don zaɓen amsa, N don zuwa tambaya ta gaba, P don komawa baya. Abin da ke kayar da yara shi ne firgici da agogon da ke ƙirga lokaci a gefen fuskar kwamfutar. Ka kai shi wani shagon kwamfuta sau ɗaya a mako ya yi gwaji cikakke da lokaci, kuma idan an buɗe rajista ka biya masa kuɗin jarrabawar gwaji da hukumar kanta ke shiryawa.

Tambaya: Ina koyarwa a kwalejin ilimi. Tun da ɗalibai suka gano ChatGPT, manhajar nan da ke rubuta amsar tambayar da aka yi mata, jingar da suke kawo mini ta zama Turanci mai santsi wanda na san ba nasu ba ne. An ce akwai manhajar da ke gane rubutun na'ura. Wacce ce ta fi inganci? Daga wani malami a Zariya.

Amsa: Malam, ba zan ba ka shawarar ka dogara da ko ɗaya daga cikinsu ba. Kamfanin OpenAI, wanda ya fitar da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, ya taɓa yin irin wannan manhaja da kansa, sannan ya janye ta a watan Yuli na 2023 saboda yawan kuskurenta. Idan ka kayar da ɗalibi bisa shaidar na'urar da ke iya yin kuskure, wata rana za ka zalunci wanda ya kwana yana rubutu da hannunsa, kuma ba ka da hanyar da za ka gane.

Hanyar da ta fi tabbas tsohuwa ce, malamanmu na zaure ma da ita suke aiki: a biya karatu a gaban malam. Ka sanar tun farkon zango cewa wani kaso na makin jinga yana kan bayanin baki, sannan ranar karɓa ka zaɓi wasu ba tare da sun sani ba, ka nuna sakin layi guda a takardar ɗalibi ka ce ya bayyana shi da Hausa ko da Turanci, yadda ya fi masa sauƙi. Cikin minti biyu za ka san wanda ya fahimci abin da ya kawo. Ka kuma sauya irin tambayar da kake bayarwa. Idan ka ce a rubuta muhimmancin kayan koyarwa, na'ura za ta cika shafi uku kafin ɗalibin ya gama shan shayi, amma idan ka ce kowa ya je makarantar firamaren unguwarsu ya zauna a darasi guda, ya kawo sunan darasin da yawan yaran da abin da malamin ya riƙe a hannu da tambayoyin da aka yi, dole ya taka da ƙafarsa.

Hana su amfani da ChatGPT gaba ɗaya ba zai yiwu ba, kuma tun da malaman gobe kake horarwa, gara su san halinta a gabanka. Ka ware darasi guda, ka sa a tambaye ta wani abu da kowa a ajin ya sani sarai, kamar tarihin garinsu ko ƙa'idojin rubutun Hausa, a karanta amsar a fili, su kuma su fito da kurakuran da kansu. Ka ce ta kawo sunayen littattafan da ta dogara da su, sannan ka tura mutum biyu laburare su nemo su, domin an san ta da ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara waɗanda babu su. Kai ma kana iya amfani da ita wajen tsara daftarin tambayoyi ko jadawalin darasi, da sharaɗin za ka bi kowane layi da biro kafin ya isa hannun ɗalibi, musamman idan da Hausa ta rubuta, inda har yanzu takan yi tuntuɓe da ƙa'idar jinsi da haruffa masu lanƙwasa.

Masu son aiko da tambaya su taƙaita ta, su kuma faɗi matakin ajin da suke koyarwa da yawan ɗalibansa, saboda amsar ta dace da halin da suke ciki.