Amsa: Me ya sa rubutun Turanci da furucinsa suke hannun riga?

Malam, ka tambaya me ya sa ake rubuta Turanci daban, a faɗe shi daban. Gajeriyar amsa ita ce rubutun ya tsaya cak, baki kuma ya ci gaba da tafiya.

Tun daga 1066 abin ya fara cakuɗewa, lokacin da William na Normandi, wani yanki na Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da kotu kusan shekara 300, marubuta suka shigo da ƙa'idojinsu. Amma babban dalilin yana gaba. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster, daidai lokacin da furucin dogayen wasula yake sauyawa, sauyin da ya ɗauki tun wajen 1400 har zuwa 1700. Ɗab'i ya kama tsohon rubutu ya riƙe. Duba knight: a da ana furta k ɗin sarai, gh ɗin ma sauti ne daga maƙogwaro. Yau duk sun yi shiru, amma suna nan zaune a takarda.

Wasu haruffan kuwa ƙarfin hali ne kawai na masana. Su suka cusa b a cikin debt don ta yi kama da Latin, alhali ba wanda yake furta ta. Noah Webster ya ɗan yi gyara a Amurka da ƙamusunsa na 1828, shi ya sa Amurkawa suke rubuta color, Ingila kuma colour. A ganina gyaran bai taka kara ya karya ba.