Ɗana ba shi da sikila, me ke cinye masa jini?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana ɗan shekara 6 ya yi zazzaɓi, na ba shi magani. Bayan kwana 2 idonsa ya yi shawara, fitsarinsa ya koma baƙi-baƙi, har sai da aka yi masa ƙarin jini. An gwada shi, AA ne. To ina jinin ya tafi? In saya masa maganin ƙara jini?
Daga wata uwa

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Jinin bai zuba ba, a cikin jiki ya farfashe.

Jajayen ƙwayoyin jini a ɓargo ake yin su. Kowace tana yin kamar kwana 120 kafin saifa ta kawar da ita. Idan suka riƙa fashewa tun kwanansu bai cika ba, ɓargo sai ya kasa mayar da gurbinsu, hanta kuma dattin fasassun ƙwayoyin ya yi mata yawa. Shawarar da kika gani ke nan. Sikila ɗaya ce kawai cikin masu jawo haka. A wurin mai ita, ƙwayar ba ta wuce kwana 10 zuwa 20.

Abin da na fi zargi a ɗanki shi ne ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ke kare ƙwayoyin jini. Gadonsa ake yi, ya fi bayyana ga maza, kuma ɗa namiji ta wajen uwa yake samunsa. Kada wannan ya sa ki zargi kanki, ba abin da kika yi. Yaro yana nan lafiya lau, sai ranar da ya haɗu da abin da ke tayar da matsalar: zazzaɓi, magunguna irin su primaquine da dapsone, ko kafur ɗin da ake sa wa tufafi. Maleriya ita kanta tana fasa jini, a duba ta.

Ki nemi a yi masa gwajin G6PD, amma bayan kamar wata 3. Yanzu da jinin wani a jikinsa, ga sababbin ƙwayoyi, gwajin zai iya cewa lafiya alhali ba haka ba ne.

Maganin ƙara jini kuwa, ki dakata. Yawancinsu sinadarin ƙarfe ne, shi kuwa ba ƙarfe ya rasa ba. Ki kai wa likitansa kwalin maganin da ya sha. In fitsarin ya sake duhu, ko kika ga yana haki, kada ki jira gari ya waye.