Ciyayin ƙasarmu don ƙawata gida: wanne za a dasa, wanne za a guje wa?

Tambaya: Ina da ɗan fili a gaban gidana a Zariya. Gefe guda tsandauri ne, rana na dukansa wuni guda, ɗaya gefen kuma ruwan famfo da na indararo ne ke taruwa. Furannin da nake saye ba sa kaiwa ƙarshen rani. Akwai ciyayin daji da za su yi kyau a wurin?

Amsa: Akwai, Malama. Amma kafin kyan ganye ya ruɗe ki, a tono miki gindin ki dubi saiwa. Wata ciyawar dunƙule take yi wuri guda, tana kauri a hankali. Wata kuma saiwarta ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, ta ɓullo inda ba a gayyace ta ba. Ta farkon ita ce ta gida. Tofa na cikin na biyun: farin kanta na da kyau, amma ɗan guntun saiwarta da ya rage a ƙasa sai ya sake tsiro. Haka aya-aya, wadda ke barin ƙwayoyi a ƙasa ko an cire ta. Ƙarangiya kuwa ba sai na faɗa ba, in akwai yara a gidan.

A gefen tsandauri ki sa gamba, wadda ake saƙa zana da ita. Tana kai mita 2 zuwa 3 idan ta fitar da kai, saiwarta na nutsewa sosai, shi ya sa take daɗewa kore bayan ɗaukewar ruwa. Wurinta jikin katanga, tazarar mita 1 tsakanin gindi da gindi. Gabanta a jera tsaure, mai ƙamshi idan an murza ganyensa. Kyasuwa tana ba da kai mai laushi, ja-ja, wajen Satumba da Oktoba, sai dai shekara guda take yi ta mutu, kuma irinta na bin iska. Ki yanke kawunan kafin su bushe, in ba haka ba baɗi ita za ta cinye filin.

Inda ruwa ke kwanciya, jema ce ta dace. Saiwarta ƙasa take yi a miƙe, ba ta yawo, tana kuma riƙe ƙasa kada ruwan indararo ya zaizaye ta. A dasa ta a layi, tazarar santimita 15. Kajiji, wanda mata ke sa saiwarsa a turaren wuta, dangin aya ne, kuma yana son ƙafarsa cikin ruwa. Shi yana rarrafe, don haka a sa shi a tukunya ko tsohon baho marar huji, a nutsar da bahon cikin ƙasa.

Dashe ya fi shuka iri tabbas, musamman ga gamba, domin irinta ba ya tsirowa da yawa. Ki jira damina ta zauna, wajen Yuni. A tsaga tsohon gindi da fartanya, kowane yanki da tsiro 3 ko 4 da saiwarsa, a datse ganyen ya rage kamar santimita 20. Wanda aka bari da dogon ganye bushewa yake yi kafin saiwa ta kama. Kada a binne shi fiye da zurfin da yake a dā, zuciyar na ruɓewa. Taki ɗan kaɗan ya isa; idan ya yi yawa, karan sai ya yi tsawo marar ƙarfi, ruwa da iska su kwantar da shi.

Da hunturu busasshiyar gamba makamashi ce, kada ta kusanci murhu ko janareta. A yanke ta ta rage kamar taƙi guda, a kwashe karan, domin tarin busasshen kara ne ke jawo gara da macizai.