An wulaƙanta aminina Ba'indiye a otal, ejan ya ce in ya yi ƙorafi zai rasa biza: gaskiya ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Na yi karatun harhaɗa magunguna a Indiya, a can na yi amini wanda iyayensa suka riƙe ni tamkar ɗansu. Bara ya kai matarsa da iyayensa yawon buɗe ido Turai. A wani otal aka ce sai sun ajiye kuɗin jingina kafin a ba su makulli, alhali Turawan da ke gabansu a layi ko sisi ba a tambaye su ba. Wajen karin kumallo wata ma'aikaciya ta tsaya a kansu tana duba abin da suke zubawa a faranti, har mahaifinsa ya ajiye cokali ya koma ɗaki. Da suka kira ejan ɗin da ya shirya musu tafiyar, sai ya ce su haɗiye, wai duk baƙon da ya kai ƙara ana shigar da sunansa kwamfuta, ba zai ƙara samun biza ba. Bana suna shirin zuwa Faransa da Suwizalan, dattijon ya ce shi kam ba da shi ba. Abin ya tsaya mini a rai. Maganar ejan gaskiya ce? Me zan faɗa musu?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya saka maka da wannan zumunci, ya kuma huci zuciyar Baba. Maganar ejan ƙarya ce tsagwaronta.

Kafin mu zo kanta, a cire shakka ɗaya. Otal-otal da yawa suna riƙe wani kuɗi a katin banki na kowane baƙo, kuma mai yiwuwa waɗanda ke gabansu sun bayar da nasu katin tun lokacin da suka kama ɗaki ta intanet. Saboda haka tambayar farko a gaban kantar otal ita ce: wannan ƙa'idar ta kowa ce, kuma ina aka rubuta ta? In ta kowa ce, za a nuna maka nan take. In aka fara inda-inda, ka san inda aka dosa. Amma tsayuwa a kan dattijo yana cin abinci ba ta da wata fassara.

Kuma abin da ya same su ba baƙon abu ba ne. A watan Yulin 2019 attajirin nan na Indiya, Harsh Goenka, ya wallafa hoton wata takarda da wani otal a garin Gstaad na Suwizalan ya rubuta wa baƙinsa 'yan Indiya su kaɗai: kada su fita da abincin karin kumallo, kada su ɗaga murya a baranda. A wannan watan ne kuma wani bidiyo ya karaɗe duniya na wasu iyalai 'yan Indiya da aka kama da kayan otal a jakunkunansu a tsibirin Bali na Indunusiya, sai mutane suka yi ta cewa ai ga dalili nan. Wane dalili? Iyali ɗaya sun yi abin kunya, sai a ɗora wa mutum fiye da biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu? In otal yana da doka, ya rubuta wa kowa. Kuɗi da suna ma ba sa kare mutum. Shah Rukh Khan, da ko yaro a Kano ya san fuskarsa, an tsare shi a filayen jirgin Amurka a 2009 da 2012 da 2016. Tsohon shugaban ƙasarsu Abdul Kalam an laluba shi a filin jirgin New York a 2011, har sai da Amurka ta nemi afuwa. Na san wani zai ce ai su ma suna yi mana, ya tuna yadda aka far wa ɗalibai 'yan Najeriya a garin Greater Noida na Indiya a watan Maris na 2017. An yi, kuma zalunci ne. Amma kai da ka ci tuwon gidan nan ka fi ni sanin cewa Baba ba ya cikin waɗanda suka yi dukan.

To mu dawo kan ejan, don nan ne abin ke ƙona mini rai. Kusan kullum sai wani ya zauna a gabana, Ba'indiye ne ko Bahaushe, ya ce an gaya masa baƙo ba shi da baki, in ka yi ƙorafi an rufe maka ƙofar Turai. In na tambaya wa ya faɗa, sai a ce ejan, ko wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Har yau ba wanda ya kawo mini sashen dokar da ya ce haka, domin babu shi.

Dalilan hana bizar Shengen, wato biza ɗaya da ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita har da Faransa da Suwizalan, a rubuce suke a sashe na 32 na dokar bizar Tarayyar Turai: takardun jabu, kasa bayyana abin da zai kai ka, rashin isasshen guzuri, rashin inshorar lafiya, cinye kwana 90 da aka yarda ka zauna a cikin kowane kwana 180, kasancewar sunanka a rumbun waɗanda aka hana shiga, zama barazana ga tsaro ko lafiyar jama'a, da shakkar ko za ka koma gida. Ka duba da kyau, ina ƙorafi a kan otal a ciki? Mai karɓar baƙi a otal ba shi da hanyar taɓa wannan rumbu. Hukuma ce ke sa suna, kuma bisa hukunci.

Dokar ma a gefen baƙon take. A Faransa, hana mutum kaya ko hidima, ko gindaya masa sharaɗi saboda asalinsa ko ƙasarsa, laifi ne a sashe na 225 na kundin laifuffukansu, hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 45,000, in kuma a wurin da jama'a ke shiga aka hana hidimar, shekara 5 da Yuro 75,000. Suna da hukuma mai zaman kanta, Défenseur des droits, da ke karɓar irin wannan koke kyauta, ba ta tambayar ko kai ɗan ƙasa ne. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai duk da tana cikin Shengen, amma tun 1995 take da nata sashen, 261bis, da ya haramta hana mutum hidimar da aka buɗe wa jama'a saboda launinsa, ƙabilarsa ko addininsa. Ingila na da dokar daidaito ta 2010. Amurka tun 1964 ta haramta wariya a otal da gidan abinci. Babu ɗaya a cikinsu da ta ce ban da ɗan yawon buɗe ido.

To me ya sa ejan ke cewa a yi shiru? Sau da yawa yana da ciniki da otal ɗin, yana tura musu ayari ana ba shi kamasho, ƙorafinka zai ɓata masa kasuwa. Wani kuma jahilci ne kawai, ya ji a bakin wani ya maimaita. Ko wanne ne, ɓarnar ɗaya ce. Wanda aka koya wa cewa ba shi da baki, ranar da babban abu ya same shi haka zai yi. Jami'in shige da fice ya miƙo masa takarda da harshen da bai iya ba, ya sa hannu don a rabu lafiya, bai san ya amince da abin da zai bi shi shekaru ba. Wannan sa hannun shi ke kashe biza. Sannan kowane shiru yana goge shaida: otal ya ce ba wanda ya taɓa kuka da shi, hukuma ta ce ba ta da rahoto, iyali na gaba su zo su tarar da takarda a ƙofar ɗaki.

Ban ce a yi faɗa ba. A kan iyaka jami'i yana da ikon tambaya, kuma biza ba ta tilasta masa ya bar ka ka shiga. Zagin jami'i a Faransa laifi ne mai zaman kansa, ɗaukar hoto a wurin duba fasfo kuma galibi an hana. Abin da doka ta ba ka shi ne: in an hana ka shiga, dole a ba ka takarda da ta faɗi dalili, kuma kana da damar ɗaukaka ƙara, ko da yake hakan ba zai dakatar da mayar da kai ba. Ka nemi tafinta. Kada ka sa hannu a abin da ba ka fahimta ba. In an tsare ka, sashe na 36 na yarjejeniyar Vienna ta 1963 ya ba ka haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka, amma sai ka buɗe baki ka nema.

A otal kuwa, a nemi manaja cikin natsuwa, a rubuta rana da lokaci da sunan da ke ƙirjin ma'aikacin, a ɗauki hoton duk wata sanarwa, a ajiye rasit. A aika koken ta imel tun ana can, ga otal ɗin da kamfanin da aka kama ɗaki ta hannunsa. Ma'aikatar harkokin wajen Indiya tana da shafin koke mai suna MADAD tun 2015. Ba zan ɓoye maka ba, waɗannan ofisoshi suna da jan ƙafa mai ban takaici, kana iya yin watanni kana jiran amsa mai layi biyu. Duk da haka a rubuta, domin lambar koken tana nan a ajiye.

Game da Baba, akwai abin da ya fi otal damuna. A watan Fabrairun 2015 wani dattijo ɗan shekara 57, Sureshbhai Patel, ya je Alabama a Amurka taya ɗansa renon jika. Ya fita miƙe ƙafa da safe, maƙwabci ya kira 'yan sanda, shi kuma ba ya jin Turanci. Ɗan sanda ya maka shi da ƙasa har ya samu shanyewar wani sashe na jiki. Gwamnan jihar ya nemi afuwa, amma ba a samu ɗan sandan da laifi a kotun tarayya ba. Don haka in Baba ya yarda ya je, a sa masa kati a aljihun gaba, da Faransanci da Jamusanci da Turanci, mai ɗauke da sunansa, sunan otal, lambar ɗansa, da layi ɗaya cewa ba ya jin harshen, a kira wannan lamba. A haɗa da kwafin fasfo. A nuna masa 112, lambar gaggawa da ke aiki a Faransa da Suwizalan. Kada a matsa masa, amma ka kira shi da kanka ka gaya masa cewa lauya ya ce shi aka yi wa laifi. Aminin naka kuma ya canza ejan kafin ya biya ko rupi ɗaya na tafiyar bana.