Amsa ga ɗan'uwan da ya ce Qualcomm ta ci riba amma hannun jarinsa ya faɗi

Salamu alaikum ƙanena na Maruwa. Na ga tambayarka cewa ka sayi hannun jarin Qualcomm, kamfanin Amurka mai yin cip ɗin wayar hannu, rahoton wata uku ya fito, riba ta wuce abin da aka yi hasashe, amma gari na wayewa farashi ya yi ƙasa, kana tambaya ko ka sayar ka huta. Wallahi raina ya sosu, don ni ma wannan kamfanin ne ya taɓa hana ni barci a nan Garwa.

Masu manyan kuɗi ba wata ukun da suka wuce suke kallo ba, wannan sun riga sun lissafa shi cikin farashi. Abin da shugabannin kamfanin suka ce za a samu a wata uku masu zuwa shi suke jira, sai kuma maganar lasisi. Qualcomm ɓangare biyu ne manya, QCT masu sayar da cip irin Snapdragon, da QTL masu karɓar kuɗin lasisin fasahar 3G da 4G da 5G daga masu ƙera waya. Kuɗin shiga na QTL bai kai na cip ba ko kusa, amma wajen kashi 70 cikin ɗari nasa riba ce, kamar mai rumfuna ne a kasuwa da yake zaune ana kawo mai kuɗin haya. Shi ya sa da an ji wani babban mai ƙera waya ya ce ba zai biya ba sai hankalin kowa ya tashi.

Ni a lokacin rigimar Apple na shiga. Janairun 2017 Apple ta kai su kotu tana neman dala biliyan 1, daga baya aka daina biyan kuɗin lasisin iPhone gaba ɗaya. Lokacin ba ni da asusu nawa, wani mutumin unguwarmu da ke zaune a Duwala shi ke saya mana da sunansa, mu tura mai kuɗi ta waya ya cire kamashonsa. Mutumin da muka yi makarantar allo tare, mahaifiyarsa ta san tawa. Kuɗin cinikin albasa ne na haɗa da na adashen maiɗakina, ita ma da yardarta. Duk rahoton da ya fito sai ya kira ni cikin dare, don kasuwar Amurka sai ƙarfe 9 ko 10 na dare agogonmu take tashi sannan rahoto ya fito, ya ce kamfanin nan ya mutu, Apple za ta binne shi. Ina ce mai a bari, a bari. Farkon 2019 bai tambaye ni ba bai yi shawara da ni ba ya sayar da nawa, kuma bai faɗa min ba.

Ran 16 ga Afrilun 2019 aka sanar Apple da Qualcomm sun sasanta, yarjejeniyar lasisi ta shekara 6, farashi ya tashi kashi 23 a rana ɗaya ya wuce dala 70, daga baya kamfanin ya ce zai samu wajen dala biliyan 4.5 daga sasancin. Na kira shi cikin murna har muryata na rawa, na riga na faɗa wa maiɗakina Allah ya yi, sai ya ce ai naka tun tuni na fitar da shi don in tsare ka. Tsare ni! Na ce turo min takardar ranar da ka sayar, har yau ban gan ta ba. Na yi kwanaki ba na iya kallon idon matar nan, abinci ma ba ya shiga. Da salla ya zo gida ya gaishe ni kamar ba a yi komai ba, dattawa suka ce a yi haƙuri zumunci ya fi kuɗi. Na yi shiru amma abin bai fita raina ba.

To don Allah asusun nan da sunan wa yake? Wannan ya fi damuna a kan faɗuwar farashin. In da sunan wani ne, gyara wannan tukuna kafin ka yi maganar saye ko sayarwa.

Kuma kar ka ɗauka daga nan sai hawa. Wata ɗaya bayan sasancin, alƙaliya Lucy Koh ta yanke hukunci a ƙarar da FTC, hukumar kula da gasar kasuwanci ta Amurka, ta shigar cewa tsarin lasisinsu ya saɓa dokar gasa, farashi ya rikito, sai Agustan 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Kafin nan a 2015 Sin ta ci su tarar dala miliyan 975. Ko Transsion masu Tecno da Itel da ke hannun kowa a nan, Qualcomm ta kai su kotu a 2024 kan lasisi. Abin da zan so ka sa wa ido shi ne Apple ta fara sa modem nata, wato cip ɗin da ke haɗa waya da network, mai suna C1, a iPhone 16e a 2025, cinikin cip da Apple zai ragu, duk da lasisi maganarsa daban ce.

Ka tuna ma sefa da yuro take ɗaure, yuro ɗaya wajen sefa 656, in dala ta sauka ka yi asara ko da farashin bai motsa ba, ga kuɗin canji da na turawa. Maganar halasci kuma ka zauna da malamin da ya san harkar, kar ka tsaya kan abin da ake yawo da shi a WhatsApp.

In kuɗin makarantar yara ne ko jarin shago ka sa, rage shi, ba zan ɓoye maka ba. In kuwa kuɗin da za ka iya mantawa da shi shekara biyu uku ne, kar ka sayar a daren rahoto. Karanta abin da suka ce kan wata uku masu zuwa da layin QTL, ka turo mana nan mu duba tare.