Baƙin abin sha na sufayen Beljiyam: shin irin maltina ne?

Ɗan'uwa, ka ce abokan karatunka a Beljiyam za su kai ka gidan sufayen Kirista ku ɗanɗana wani baƙin abin sha da suke haɗawa, kana tambaya ko irin maltina ne. A'a, giya ce, mai ƙarfi ma kuwa.

Sufayen ɗariƙar Trappist ne ke yin ta da sha'ir, su sayar don riƙe gidansu da taimaka wa mabuƙata. Launin da zaƙin ne ke ruɗar baƙo. Gasasshen sha'ir da sukarin da aka dafa ya yi duhu su ke sa ta baƙi, ƙanshinta kamar na busasshen inabi da ɓaure, ga kumfa mai kauri, ga yisti kwance a gindin kwalba. Amma cikin giyoyin nasu, Chimay mai shuɗin tambari tana da barasa kashi 9 cikin ɗari, Westvleteren 12 kashi 10.2, Rochefort 10 kuma 11.3, wato wajen ninki biyu na giyar kasuwa. Kada lambar sunan ta yaudare ka, duba inda aka rubuta %.

Idan ba ka sha, faɗa wa abokan naka tun kafin ku tashi, can ba abin kunya ba ne. Ka nemi shayi ko ruwan tuffa. Cukun da sufayen ke yi ma ka tambaya, don akwai na Chimay da ake wanke bayansa da giya. Hukuncin wannan sai malami. Mai shan magani ko mai ciwon hanta cikinku ya tuntuɓi likita, kuma direbanku ya kasance wanda bai kurɓa ba.